Kwandalar Da Ta Maƙale A Ƙahona

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, wani dattijo da muka saba haɗuwa a sahu ya tare ni a bakin ƙofar masallaci yana ta murmushi, ya zaro waya ya ce sai na kalli jikarsa. Na kalla. Yarinya ce da ɗan hijabinta, tsaye a dandamalin makaranta tana busa wani ƙaramin ƙaho na Turawa, iyaye na ta tafi. Ya ce, "Ta yi passing ɗin exam ɗinta na music, Alhaji. Teacher ɗinta ya ce in ta dage har babban hall za ta yi wasa." Na ce masha Allah, na miƙa masa wayarsa, na nufi tashar bas. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Ba yarinyar na ji wa haushi ba, Allah ya raya ta. Kakan nata ne ya tsaya mini a wuya, shi da ire-irensa, domin na san su tun suna samari, kuma na san abin da suka yi wa mai busa a garin nan lokacin da ni ne mai busar. A kan busa na rasa matar da na so in aura, kuma har yau in aka taɓo zancen sai in ji ɗaci a bakina.

Na zo Landan a shekarun da man fetur ya ɗaga mana kai. Gwamnati ce ta kwaso mu rututu ta turo mu karatu, wasu likitanci, wasu injiniya, ni kuma aikin mulki a wata kwaleji da ke kusa da Aldwych. Wanda bai ga zamanin nan ba, in ka ba shi labari sai ya ce ƙari kake yi. Ɗalibi ya karɓi alawus ya shiga kanti, Bature na rusuna masa yana buɗe masa ƙofa. Abokaina suka dinga sayen rediyo mai kaset, da takalmi mai tudu, da wandon nan mai faɗin ƙafa da ke share titi. Masu dogon buri har mota suke saye su sa a jirgin ruwa ta riga su isa gida. Alhazai kuwa gidaje suke saye a unguwannin masu hali, su zo da kuku da direba, su yi wata biyu su kulle su tafi. Yau ɗan ƙasarmu in ya shiga irin kantunan nan mai gadi ne ke binsa da ido, amma a lokacin mun ɗauka haka duniya za ta tabbata. Mun kuma ɗauka, mu samari, cewa tunda mun tsallake teku mun baro wa gida duk wani zancen wane ɗan wane ne, wace sana'a ce ta mutunci, wace ce ba ta mutunci ba. Ni dai na yarda da haka har zuciyata.

Ni ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Mahaifina akawu ne a wata ƙaramar tasha a Arewa, gidanmu kuma dab yake da layin dogo. Tun kafin a hango hayaƙi nakan san jirgi na tafe, domin aikina ne da safe in share tsakar gida in cika randa, kuma ruwan randar kan fara rawa kafin kunne ya ji komai. Sai in ajiye guga in tsaya ba takalmi, ina jin rugugin yana hawowa ta tafin ƙafata. Haka in mata sun haɗu suna lugude a maƙwabta, ba waƙarsu nake saurare ba, dirin turmin nake ji a ƙirjina. Mahaifina mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, yakan ce mana duk wanda muka ji ya ɗaga murya to maganarsa ce ba ta da nauyi. Sau ɗaya badujalar 'yan sanda ta ratsa garinmu. Kowa na kallon masu ganguna da masu ƙananan ƙahoni a gaba, ni kuwa na bi wani ƙato a can baya, rungume da ƙaho kamar ya rungumi ɗan maraƙi. Ba wanda ya kula shi, amma duk sanda ya tsaya shan iska sai kiɗan ya yi salam, kamar miya ba daddawa. Da na dawo gida ina kwaikwayonsa da mazurari, mahaifiyata ta fizge ta ce kada ta sake gani. A gidanmu, kamar kowane gida irin namu, an san matsayin mai kiɗa da mai busa: ya tsaya a ƙofa ya yi abinsa, a fito a liƙa masa kuɗi a goshi, ya yi godiya ya wuce. Ana ba shi, amma ba a zama da shi a tabarma ɗaya, balle a ba shi 'ya.

A unguwar Edmonton, can arewacin Landan, nake haya, ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa. Wata Asabar na je sayen jarida sai na ga ɗan kati a tagar shagon, an rubuta da hannu cewa akwai tsohon ƙaho na sayarwa, babban nan da Turawa ke kira tuba. Na tsaya ina karantawa har sau uku, sannan na bi adireshin. Wani tsohon Bature ya buɗe mini, siriri, yana numfashi da ƙyar kamar wanda ya hawo tudu. Direban bas ne da ya yi ritaya, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana busa a badujalar ma'aikatan garejinsu, har ƙirji ya ce ya isa haka. Ya ja ni zuwa wata 'yar rumfar katako a bayan gida, tsakanin kunyoyin dankali da kabeji, ya yaye wani bargo. Ga shi nan, tagullar duk ta dushe, maɓallai uku, baki a sama mai faɗin daro, ga wata lotsawa a gindinsa inda ya ce ya taɓa faɗowa daga bayan mota. Warinsa ma har yau ina jinsa, man keke da tsohon ƙarfe. Na sa hannu a aljihu, ya ture hannuna.

"Busa tukuna," in ji shi. "Ba zan sayar wa wanda zai dasa fure a ciki ba."

Na cika kumatu na busa iya ƙarfina. Abin da ya fito, jaki ma sai ya ji kunya. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya share hawaye ya ce ya sayar, amma da sharaɗi: ƙahon zai zauna a rumfar, ni kuma in dinga zuwa duk Asabar da safe, domin in na kai shi gidan haya a haka, kafin sati an kore mu ni da shi. Tun daga ranar Tsoho nake ce masa, har ya koyi amsawa.

Muryoyin sama ba su ba ni wuya ba, cikin wata biyu na fara bin 'yan waƙoƙin maci. Na ƙasa ne suka ƙi ni. Akwai wata murya can a gindin ƙahon, wadda sai ka danne maɓallan uku gaba ɗaya take fitowa, kuma ita nake nema tun ina yaro a bakin randa. Duk sanda na neme ta sai in matse leɓe in tura iska da ƙarfi, ƙahon ya yi wata 'yar tusa ya yi shiru. Tsoho yana zaune a kan buhun taki da kofin shayinsa, sai ya girgiza kai. "Faɗa kake yi da shi," yakan ce. "Ku 'yan gwamnati kun saba ba da oda. Wannan ba ya jin oda. Saki haɓarka. Saki leɓen ya kaɗa, kamar doki in ya furzar. Iska mai ɗumi, a hankali, irin wadda kake hura wa gilashi in za ka goge." Ya sa na kwanta a ƙasan rumfar ya ɗora mini bulo a ciki, in ja numfashi har bulon ya ɗaga. Ya hana ni kumbura kumatu. Ya sa ni riƙe murya ɗaya har sai idona ya fara duhu, in huta, in sake. Akwai wani ɗan makulli da ake buɗewa a zubar da ruwan da numfashi ya tara a ciki. Aikina ne in zubar, in ɗiga wa maɓallai mai, in goge tagullar da tsumma har in ga fuskata a karkace, sannan in ɗebo masa ruwan ban dankali tunda shi ba ya iya ɗaukar bokiti. Da sanyi ya shigo, ɗan ƙoƙon da ake ɗora leɓe a kai ya zama kamar ƙanƙara, sai na dinga sa shi a aljihun wando tun daga gida don ya yi ɗumi. Yaran yanzu suna da ɗakuna masu hita da waya mai gaya musu in sun kauce. Ni kunnen tsoho mai tari kaɗai nake da shi.

A cikin wannan sanyin ne na fara zuwa da ita, yarinyar da na so in aura. Ba zan faɗi sunanta ba, tana da jikoki. Nas muke ce mata, don aikin jinya take koyo a wani asibiti a arewacin birnin. A taron ɗalibai muka haɗu, ta ga leɓena a kumbure ta tambaye ni ko dambe nake yi. Da na faɗa mata gaskiya ban ga ta yamutsa fuska ba, cewa ta yi sai ta gani da idonta. Gidan hayata ba tarho, don haka ni nake kiranta daga jan akwatin tarho na bakin titi, da ƙarfe huɗu, in ta sauka daga aiki ta koma masaukinsu. Kullum ba ni da canji. Kullum sai tarhon ya fara kuka yana neman wata kwandala muna tsakiyar magana, in ji ta tana dariya tana cewa, "Ɗalibin gwamnati guda, ten pence ta gagare ka?" kafin layi ya yanke. Ranar Asabar in ba ta da aiki sai ta biyo ni rumfa, ta kifa bokiti ta zauna cikin kwat ɗinta, tana fere wa Tsoho dankali tana yi masa faɗa a kan taba.

Tana nan ranar da muryar ta fito. Na gaji, na fid da rai, na ɗora baki ne kawai ba da niyyar komai ba, na saki numfashi irin na wanda ya sauke kaya. Sai na ji kujerar da nake kai tana rawa. Gilashin 'yar tagar ya fara kaɗawa, cokalin da ke cikin kofin Tsoho ya ɗauki ƙara. Abin ba a kunne yake ba, ta ƙasa yake bi ya hau ƙafa, sak jirgin garinmu. Na riƙe ta har iska ta ƙare mini. Tsoho ya cire hularsa kawai ya mayar. Ita kuwa ta saki wuƙar ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi a nan na ji shi. Kamar in na sa abin awo a ƙirjin mai lafiya." A hanyarmu ta zuwa tashar bas na ce mata zan turo manya. Ta ja gyale ta rufe baki ta ce, "To sai ka fara yin booking a wajen Kawu."

Kawun nata shi ne waliyyinta a nan, ƙanin mahaifinta, ɗan kwangilar da man fetur ya buɗe wa ƙofa, yana da ƙaton gida a Landan. Ni ba ni da dangi a ƙasar, sai na je wurin wani babban likita ɗan garinmu da muke kira Yaya Likita, ya yarda zai shige mini gaba. Ya je ya yi maganar farko. Alhaji, wato kawun nata, ya tambayi asalina, aka faɗa masa, ya ce madalla, a zo gaisuwa bayan sunan ɗan da matarsa ta haifa. Ana cikin haka wani abokina mai surutu, wanda ya taɓa bina rumfa, ya je ya ba da labari a falon Alhaji cewa ai akwai yaro a cikinmu da ya ƙware da kayan busar Turawa. Alhaji ya aiko a ce in zo da ƙahon ranar suna a gani. Yaya Likita ya biyo ni har kwaleji.

"Ka ce ya lalace," in ji shi. "Ka ce kana da exam, ka ce komai. Kada ka ɗauki abin nan ka shiga gidan mutanen nan."

Na ce, "Haba Yaya, nan fa London ne, ba ƙofar gidan hakimi ba. Turawa da kwat suke zuwa su sayi ticket su zauna su saurari wannan."

Ya dube ni ya ce, "Turawan ne za su ba ka matar?"

Na yi dariya. Gaskiyar magana ita ce so nake a ji ni. Shekara guda na yi ina neman muryar nan, mutum biyu kaɗai suka ji ta, kuma ina so mutanena su ji abin da na ji. Na ɗauka duk wanda ya ji ta a ƙirjinsa ba zai iya raina mai fito da ita ba.

Sunan ya faɗo ranar Lahadi. Da azahar na isa, cikin farar shadda da hula, ƙahon yana sheƙi don kwana biyu na yi ina gogewa. Falon ya cika, maza a kan kujeru da kafet, mata a ɗakin cin abinci an buɗe ƙofar tsakani, ko'ina ƙamshin turare da na soyayyen rago. Ba a ba ni kujera ba. Ban lura ba a lokacin. Sai daga baya na tuna cewa duk wanda ya shigo an ce masa bismillah ga wuri, ni kuwa aka nuna mini bakin ƙofa aka ce in tsaya nan don kowa ya gan ni. Na rataya maɗauri a kafaɗa na tsaya. Na fara da wata waƙa mai sanyi da Tsoho ya koya mini, wadda take sauka a hankali, mataki-mataki, har ta dire a kan muryar nan ta ƙasa. Surutu ya ragu. Na ga kofuna a kan faranti sun fara kaɗawa, na ga wani dattijo ya daina tauna. Na lumshe ido, na sauka, na same ta cikakkiya, fiye da yadda na taɓa samunta a rumfa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake ba.

Guɗa ce ta buɗe mini ido. Alhaji ne tsaye a gabana, babbar riga har ƙasa, fuska cike da fara'a, hannunsa riƙe da sababbin takardun fam. Ya nemi goshina, ƙahon ya tare, sai ya yi dariya ya ɗaga hannu ya zuba su a cikin bakin ƙahon. "Kai, yaron nan ya iya!" in ji shi. "Ku taso ku yi masa mana!" Suka taso. Ɗaya bayan ɗaya, 'yan kwangila da manyan ma'aikata, har da abokan karatuna da muke cin abinci a kwano ɗaya, kowa ya zo ya jefa nasa. Wani ya soke mini takarda a gefen hula. Wani ya ce in yi wa Alhaji kirari da shi. Ni kuwa na ci gaba da busawa, kuma wannan na kasa yafe wa kaina, domin Tsoho ya koya mini ba a yanke waƙa a tsakiya ko rufi na faɗowa. Takardu suka toshe ƙahon, muryar ta shaƙe, ta koma wani gurnani. Na hango Yaya Likita ya sunkuyar da kai yana kallon kafet.

Sai mata suka fara fitowa. Na neme ta da ido ban gan ta ba, na ce alhamdu lillahi, ta gudu don kada ta gani. Can sai ga ta, matar Alhaji ta riƙo hannunta tana turo ta gaba, ana dariya. Ta zo har gabana ba ta dube ni ba. Ta miƙa hannu sama ta saki abin da ke ciki. Ba takarda ba ce. Na ji ta buga tagulla, ta gangara ta wuce takardun, ta tafi can ƙasa. Kwandala. Maza sun ba ni fam, ita ta ba ni kwandala, a gaban kowa. A nan na cire bakina.

Na fita waje na kifa ƙahon, na zazzage musu kuɗinsu a kan matakalar ƙofa, na bar kuɗin a nan iska tana kwasa. Kwandalar ce ta ƙi fitowa. Cikin fushi na dinga juya ƙahon, ashe ta baya nake juyawa, maimakon ta fito sai ta ƙara shigewa cikin lanƙwasar da ke bayan lotsawar nan, ta maƙale. Bayan kwana uku Yaya Likita ya je wa Alhaji da maganar gaisuwa. Ya dawo ya same ni a ɗaki, ya daɗe yana juya makullin motarsa kafin ya faɗa mini. Alhaji bai yi faɗa ba, mamaki ma ya nuna. Cewa ya yi, "Au, wai shi ne yaron? To ai Likita, wanda na yi wa liƙi da hannuna a gaban jama'a, ta yaya gobe zan zaunar da shi in kira shi suruki? Me zan ce wa mutanen gida?" Har yau ban sani ba ko da gaske bai gane ni ba, ko kuwa ya gane ni sarai ya zaɓi hanyar da ba sai ya buɗe baki ya ce a'a ba. Yaya Likita ya ce in bari ƙura ta lafa. Ya ce yarinyar tana da bakin magana wurin mahaifinta a gida, in ta tsaya ba za a rasa hanya ba. "Ka kira ta," in ji shi. Na ce wadda ta yi mini kuɗi kwandala ɗaya ba ni da abin da zan ce mata.

Ban kira ba. Ƙarfe huɗu ta yi ta zuwa tana wucewa ina zaune a ɗaki ina kallon bango. Bayan kamar wata guda na fito daga kwaleji sai na gan ta a tashar bas ta Aldwych, inda ba hanyarta ba ce ko kaɗan, tsaye cikin yayyafi ba lema. Ta taho wurina, ta buɗe baki za ta yi magana. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na cire hula, na rusuna har ƙasa a gaban Turawa, na ɗaga murya irin ta maroƙa na ce, "Ranki ya daɗe, an gode, Allah ya ƙara arziki!" Ta tsaya tana kallona. Bas ta zo, ban ma san ko tata ce ba, ta shiga. Da ta gama karatu ta koma gida, daga baya na ji an ɗaura mata aure da wani injiniya. Ni na ƙi komawa. Na bar kujerar da ke jirana a ma'aikata, na nemi aikin ofis a nan, na yi aure bayan shekaru, na haifi 'ya'yan da nake yi wa Hausa suna ba ni amsa da Turanci.

Kwandalar kuwa tana nan. Muryoyin sama ba ruwansu da ita, amma duk sanda na sauka ƙasa sai ta ɗauki kaɗawa, kamar ƙuda a cikin kwalba. Tsoho ya ji ta tun Asabar ta farko, ya ce in kawo a zura tiyo a wanke. Na ce a bar ta. Ya dube ni ta saman kofi ya ce, "Ƙahon bai yi maka laifi ba." Na ce na sani, a bar ta. Ya rasu a bazara ta biyu, na busa a jana'izarsa tare da tsofaffin garejinsu, da ƙudana a ciki. Shekara da shekaru na zauna a layin baya na wata badujalar unguwa, ba Bahaushe ko ɗaya da ya sani, in baƙi za su zo gidana sai in lulluɓe ƙahon da bargo in tura shi bayan kabad. Na ga kuɗin man ya ƙare, na ga gidajen Alhazai an sayar da wasu, na ga masu yi mini liƙi sun tsufa sun dawo suna kirana Alhaji suna ba ni hannu biyu. Duk sanda zuciyata ta fara sanyi game da su, ko game da ita, sai in danne maɓallan uku in saurari kwandalar, in tuna yadda aka yi mini kuɗi. Da gangan na yi kiwon wannan haushi, kamar yadda wani ke kiwon tunkiya a bayan gida.

Yanzu haƙoran gaba sun zube, na roba ne a bakina, numfashi kuma ya zama irin na Tsoho ranar da ya buɗe mini ƙofa. Na yi shekaru ban busa ba. Bayan hoton jikar mutumin nan na kwana biyu ina juyi, sai na ce to, tunda yanzu busa ta zama abin alfahari, bari in ba wata makaranta ƙahon, jikokin waɗanda suka yi mini liƙi su koya a kansa. Ban so in ba da shi da aibi, sai na sa 'yata ta kai ni wurin wani mai gyaran kayan busa. Ya girgiza ƙahon ya saurara, ya ce mu zauna. Ya narkar da dalma ya cire lanƙwasar, ya zura wani dogon ƙarfe, ya ɗan yi fama. Sai ga ta a tafin hannunsa, ta yi kore, babbar kwandalar ten pence ɗin nan ta da wadda aka daina karɓa tun tuni. Ya ce shi ya sa ta maƙale, an ɗaure tsakiyarta da wani abu mai danƙo. Filasta ce irin ta asibiti, ta yi baƙi ta bushe. Ya kai ta ƙarƙashin fitila ya goge da auduga, ya ce akwai rubutu amma ba Turanci ba ne, ya miƙo mini.

Na sa tabarau. Biro ne, ya dushe, amma na san hannun. Ashe da na neme ta ban gan ta ba, wurin jakarta ta je. Kalma biyu ne da lamba ɗaya: Kira ni, 4.

'Yata ta leƙo ta ce, "Baba, what does it say?" Na ce ba komai, tsohon kuɗi ne. Mai gyara ya mayar da lanƙwasar, ya ɗora baki ya danne maɓallan uku, muryar ta fito tas, ba ƙuda, har gilashin shagon ya kaɗa. Ya miƙo mini ya ce in gwada, in yi bankwana da shi. Na rungume shi, na saki haɓa, na hura iska mai ɗumi a hankali yadda aka koya mini. Iska ce kawai ta fita. Na ɗaga kai na dubi agogon bangon shagon, ƙarfe huɗu saura kwata. Na damƙe kwandalar a hannuna, kuma duk faɗin Landan babu sauran akwatin tarhon da zai karɓe ta.